Hotunan teku a shagona na Jekadafari, Gombe

Yau Asabar babu ciniki da safe. Amaryar da ta ce za ta aiko a karɓi albam ɗinta shiru, don haka na jawo kujera na buɗe hotunan da ɗan yayata ya turo mini daga Legas, inda yake bautar ƙasa. A shagon nan ya koyi riƙe kyamara. Ran nan da hadari ya haɗo ya shiga kwalekwale zuwa gaɓar teku ta Tarkwa Bay, ya ɗauko igiyar ruwa tana dukan duwatsu, ya gyara da kansa, yana jiran yabo.

Ina buɗe na farko na yi dariya. Ruwan shuɗi shar, kamar an tsamo shadda daga marina. Na kira shi.

"Kawu, ka ga aiki?"

"Na gani. Ranar da ka je, haka ruwan yake?"

Ya yi jim, ya ce a'a, toka-toka ne da ɗan ruwan ƙasa, amma ai ba wanda zai tsaya kallon hoto mai duhu a Instagram. Na ce ya turo mini na asali, na RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta ɗauka, a matsayin fayil, domin in aka tura hoto kai tsaye ta WhatsApp matse shi ake yi.

Laifin sana'armu ne. Mu masu hoton biki hannunmu ya saba da goge fuska, ƙara haske, ƙara launi, har uwar amarya ta ce kai ne gwani. Shi ma abin da ya yi wa teku ke nan. To, a hoton guguwa abin da ake goge wa amarya shi ne abin nema: kaushin ruwan, yashin da ya gauraye da kumfa, baƙin gajimare.

Na fara da wanda igiya ta fashe a kan dutse. Kumfar ta ƙone fari fat, babu zane ko ɗaya a cikinta, kuma jadawalin haske na Lightroom, manhajar gyaran hoto, ya taru ya manne a gefen dama. Na rage hasken wuraren da suka ƙone a hankali, sai ga ɗigon ruwa suna fitowa ɗaya-ɗaya, har da wani koren layi a cikin igiyar daidai inda take lanƙwasa kafin ta faɗi. Shi wannan koren na gaske ne, hasken rana ne ya ratsa ruwan ta baya, ban taɓa shi ba. Layin da teku ya haɗu da sama ya karkace zuwa hagu, na daidaita. A hoton gida ko na bishiya ƙaramar karkata na iya wucewa, amma ido ya san ruwa ba ya kwanciya a karkace. Akwai kuma tabo-tabo a sararin sama, gishirin da iska ta watso wa gilashin kyamara ne, na bi su na share.

Wasu babu magani. Ya bar saurin ɗauka a 1/60 na daƙiƙa kuma a hannu yake riƙe da kyamarar, sai ruwan ya fito dishi-dishi, bai tsaya cak ba, bai kuma yi laushin hayaƙi ba. In ana son kowane ɗigo ya tsaya, a kai 1/1000. In laushi ake so, a kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, a sa gilashi mai rage haske, a bar ta a buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu. Waɗannan na ware su gefe.

Wajen azahar aka ɗauke wuta, na tada janareta. Wani dattijo ya shigo hoton fasfo na Umara, ya leƙa allon kwamfuta, ya ce, "Subhanallahi! Malam, wannan ruwan mutane ke shiga?" Ya ce shi babban ruwan da ya sani na madatsar Dadin Kowa ne, kuma ko da iskar damina bai taɓa ganin ya yi haka ba. Na ce, "Baba, igiya iska ke haifar ta, kuma girmanta na bin ƙarfin iskar, da daɗewarta tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta bi." Wadda ke dukan Legas sau da yawa daga can kudancin Tekun Atlantika ta taso, ta yi tafiyar dubban kilomita. Ya karɓi hotunansa yana girgiza kai.

Inda muka yi gardama da yaron shi ne hoto na ƙarshe. Akwai wani masunci tsaye a kan duwatsu, ɗan ƙarami a kusurwar dama, da kodaɗɗiyar jar riga. Ya yanke shi, wai ya ɓata hoton. Na dawo da shi. Da babu mutumin, wa ya san ko igiyar nan ta kai gwiwa ko ta kai rufin bene? Na ce ya nemi hotunan Nazare ta ƙasar Fotugal, inda Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau, a kan allon wasan ruwa, igiya mai tsayin mita 26.21 a watan Oktoban 2020. Abin da ke sa gaban mutum ya faɗi a hotunan wurin shi ne hasumiyar fitilar jiragen ruwa da 'yan kallo cirko-cirko a gaba, ruwa ya tashi a bayansu.

Su kansu duwatsun da masuncin ke kai suna da labari. Turawan mulkin mallaka ne suka jera su a farkon ƙarni na 20 don kare mashigar tashar jiragen ruwa. Sai suka tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru, har aka cike wurin aka kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangar duwatsunta. Na ce ya rubuta wannan a ƙarƙashin hoton, ya fi masa "teku mai kyau" da ya sa.

Ya yarda da masunci, amma ya kafe sai a mayar da hoton baƙi da fari. Ni ban yarda ba, jar rigar nan ita ce inda ido ke fara sauka. Na fitar da kala biyun na tura masa, ya zaɓa. Ranar Litinin zan wanke nawa babba in rataye a shago.

Bayan isha'i Yaya ta kira, ashe ya tura mata ita ma. Ba ta yi maganar launi ba. Ta ce in gaya masa in ya sake hawa duwatsun nan da hadari a sama, kada ya kuskura ya ce ita ta haife shi. Na ce zan aika masa dogon gilashin kyamarata mai jawo nesa kusa da mai zuwa Legas, ya riƙa ɗauka daga nesa.