Na ci gajiyar ƙungiya, yanzu ni ke biyan albashi

Ƙofofi da tagogi muke yi, sai bencinan makaranta idan Allah ya kawo kwangila. Shagona yana Sokoban a Kumasi, ƙasar Ghana, inda aka mayar da masu katako bayan an tashe su daga Anloga saboda aikin titi, ni kuma ina kwana a Aboabo. Mutum bakwai ne a hannuna, huɗu ƙwararru masu albashin wata, uku 'yan koyo. Muna da injin tsaga, da injin share fuskar katako, da wani ƙarami na fitar da ado a jikin ƙofa. Sauran aikin na hannu ne: haɗawa, gam, ƙusa, guga, fenti. Katakon emire da ofram da dahoma muka fi taɓawa. Odum kam ya zama na masu hali, shi ma sai an yi dace.

Jarin da na kafa shagon nan da shi ba gado ba ne, ba rancen banki ba ne, kuɗin sallama ne. Na daɗe ina aiki a wani babban kamfanin tsaga katako nan Kumasi, irin waɗanda suke loda manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Da gungume ya yi ƙaranci a daji, kuɗin lantarki kuma ya hau, sai kamfanin ya ce zai rage mutane. Dokar ƙwadago ta 2003, wadda ake kira Act 651, ta ce wanda aka sallama saboda rage aiki yana da haƙƙin kuɗin sallama, amma ba ta yanke ko nawa ba ne. Ta bar abin ga ciniki tsakanin mai kamfani da ma'aikata ko wakilansu. Ni da karatuna bai wuce allo da firamare ba, ina zan iya zama gaban manaja da lauyansa in yi wannan ciniki? Ƙungiyarmu ta ƙwadago ce ta turo mutanenta daga Ankara, babban birni, suka zo da yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun shekarun baya. Aka yi ta zama ana tashi, har aka tsayar cewa kowa za a lissafa masa gwargwadon shekarun da ya yi. Da rabona na sayi injin tsaga ƙirar Magazine ta Suame, unguwar maƙera da makanikai, na kama rumfa.

Akwai waɗanda muke ɗaukar katako tare da su, gumi ɗaya, ƙura ɗaya, amma sunansu 'yan wucin-gadi. Su albashin watan kawai suka tafi da shi. Yawancinsu 'yan arewa ne da yaran Zango. Doka ta ce wanda ya yi wata shida a jere wurin maigida ɗaya, a ɗauke shi tamkar na dindindin. Sai ya zama ana dakatar da su kafin wata shidan ya cika, su ɗan zauna a gida, a sake rubuta su a matsayin sabbi. Kowa ya san ana yi, har shugabannin reshenmu. Ba a cire musu kuɗin ƙungiya, don haka ba su cikin littafi, wanda ba ya cikin littafi kuwa ba mai tada zancensa ranar ciniki. Har yau in na ji wani yana zuba wa ƙungiya yabo ba birki, mutanen nan ne ke faɗo mini a rai.

Duk da haka ba zan ɓoye alherin da na gani ba, kuma mafi yawansa a ƙananan abubuwa ne na yau da gobe. Awa 8 a rana, awa 40 a mako, hutun shekara na kwana 15 da albashi, hutun haihuwa na mako 12 ga mata, duk doka ce ta bayar. Sai dai doka ba ta da ƙafar zuwa ofishin manaja. Sakataren reshe ne yake zuwa ya ce an sa mutane aikin Asabar ba a biya su ba, ko takalman aiki sun mutu ba a sauya ba. A sana'armu inji ba ya jin ban-haƙuri. Na ga wanda zarto ya ɗauke wa yatsu uku. Akwai dokar diyya tun 1987, amma kafin mutum ya ga kuɗin sai an cika takardu, an karɓo rahoton likita, an bi ofishin ƙwadago, kuma wanda hannunsa ke naɗe da bandeji ba shi da ƙarfin wannan zirga-zirga. Ƙungiya ce ta bi masa har aka biya shi. Haka nan maganar kora. Inda akwai reshe mai rai, shugaban aiki ba ya tashi da fushin gida ya ce wa mutum kada ya dawo gobe. Sai an rubuta laifi, an ji ta bakinsa, in ta ƙi a tafi Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005.

Abin da ma'aikaci ke biya kuma ya wuce ɗan kason da ake cirewa a albashi tun kafin ya shigo hannu. Ƙarin albashi idan ya zo, iri ɗaya ne ga kowa a mataki ɗaya, da mai hannu da wanda yake laɓewa bayan tulin katako. Matashin da ya iya aiki yakan ji an ɗaure shi da igiyar wasu. Yajin aiki kuma ba a tambayar ko akwai masara a gidanka. In an yanke, an yanke, ko ka bi ko a sa maka sunan da ba ya gogewa. In kuma shugabanni suka yi gaggawa ba su bi matakan sulhu da sanarwar kwana bakwai da doka ta gindaya ba, yajin ya zama haramtacce, ana iya hana ka albashin kwanakin, ana ma iya sallamar ka. Shugaban da ya kira yajin yana can da albashinsa. Wanda kuma aka san shi da yawan magana a taron reshe, doka ta hana a tsangwame shi, amma ta yaya za ka tabbatar da dalilin da ya sa aka tsallake ka wajen ƙarin girma? Sai kuma manyan da ba ka ganin su sai lokacin zaɓe, kullum suna otal ana bita. Ni dai a wurina kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba duka ne suke askin ba.

Tsofaffin 'yan reluwe da muka taso muka tarar suna da nasu labarin, kuma ya kamata yara su san shi. An kafa babbar ƙungiyar ƙwadago, TUC, a 1945, tun ƙasar tana Gold Coast. Ma'aikata ne suka tsayar da ƙasa cak a Janairun 1950 lokacin kiran Nkrumah, irin su Pobee Biney na Sekondi suna gaba. Bayan samun 'yanci, dokar 1958 ta ɗaure ƙungiyar a jikin jam'iyya mai mulki, har ta kai a 1961 da gwamnati ta ce za ta riƙa cire kashi 5 cikin ɗari na albashi a matsayin ajiyar dole, 'yan reluwe da na tashar ruwa a Sekondi da Takoradi suka yi yaji ba da yardar manyansu ba. Gwamnatin Firaminista Busia ta rushe TUC a 1971, gwamnatin soja ta Acheampong ta maido ta a 1972. Duk lokacin da shugabannin suka matsa kusa da masu mulki, na ƙasa ne ke ji a jikinsa.

Yanzu ni ne maigida, kuma a nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Mu ma a Sokoban muna da ƙungiyoyi, haka 'yan Magazine, haka teloli. Amma a duba da kyau, kusan duk na iyayen gida ne. Muna haɗuwa a kan haraji da kuɗin rumfa da wuta da farashin katako da yaye 'yan koyo. Ba a taɓa buɗe taro da maganar albashin yaranmu ba. Ko GPRTU ta direbobi, wadda take ƙarƙashin TUC, masu mota da direbobi ne a cikinta, tana tsara layi a tasha, tana ciniki da gwamnati kan kuɗin mota. Yaron motar da ke rataye a ƙofar trotro, ƙaramar bas ɗin haya, tun asuba, in aka kore shi da rana tsaka, wa zai kai wa kuka?

A Zango abin da ya tsaya a madadin ƙungiya shi ne zumunci. Yaron da ke shagonka ɗan maƙwabcinka ne, ubansa ne ya kawo shi da goro ya ce, ga ɗanka nan. In an saɓa, liman ko dattawan unguwa ne ke sasantawa. Kuma yana aiki, ban raina shi ba. Suna ko biki ko jinya, ni ake kira, ina kuma bayarwa, wani lokaci fiye da abin da kowace yarjejeniya za ta tilasta mini. Amma duk wannan kyauta ce. Tana bin yanayin aljihuna da yanayin zuciyata. Yaron da yake ce maka Baba ba ya iya buɗe baki ya ce kuɗinsa bai cika ba, kunya ta riga ta rufe masa baki, kuma mu iyayen gida mun san haka sarai, muna kuma amfana da shi. Ranar da na faɗi na mutu, magadana ba su da wani alkawari da mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injina.

Abin da na ɗauko daga zaman ƙungiya na kawo shagon nan shi ne takarda. Kowane mai albashi yana da rubutacciyar yarjejeniya, kamar yadda doka ta nema ga aikin da ya kai wata shida, kuma na yi musu rajistar fansho a SSNIT, asusun fansho na ƙasa. Lissafin a fili yake tun dokar fansho ta 2008: maigida ya zuba kashi 13 cikin ɗari, a cire wa ma'aikaci 5.5. Mai albashin sidi 1,500, ni zan ƙara 195 daga aljihuna, shi a cire masa 82 da rabi. Abin mamaki, su ne suka fara ƙi. Babbansu ya ce, "Maigida, ka ba mu abinmu a hannu, wa ya san gobe?" Na ce masa ai don ba a san goben ba ne ake yi. Har yanzu ɗaya daga cikinsu yana ganin na ƙware shi.

Takardar nan tana da tsada. Maƙwabcina da ba ya biyan ko ɗaya yana iya sauke farashin ƙofa ƙasa da nawa, mai gini kuma ba ruwansa da fanshon kafinta. In yau wata ƙungiya ta zo ta ce in biya irin albashin babban kamfani, gobe zan rufe. Aikinmu ba na kullum ba ne. Wata guda a yi ta dare da rana, wata biyu a zauna ana kallon hanya. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 injina sun fi kwana fiye da aiki, kuma ban sallami kowa ba, muka raba ɗan abin da ya samu. Irin wannan sassauci, inda komai yake a rubuce da mataki-mataki, ba ya yiwuwa cikin sauƙi.

Wani abu kuma da yarana ba su lura da shi ba: suna cin gajiyar ƙungiyar da ba su taɓa ba ta ko fesuwa ɗaya ba. Mafi ƙarancin albashin rana, gwamnati da masu kamfanoni da 'yan ƙwadago ne ke zama su yanke shi. Sidi 14.88 ne a 2023, ya koma 18.15 a 2024, ya kai 19.97 a 2025. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, na 2025 ɗin ma ko 600 bai kai ba a wata, babu ƙwararren kafintan da zai tsaya maka a kan haka, amma da babu masu ja da ko hakan ba a samu ba. A Disambar 2022, lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta so ta haɗa da kuɗin fansho a sauya bashin cikin gida, barazanar yaji ce ta sa aka cire su a lokacin. A Yulin 2024 ma, da aka tashi sayar da kaso mafi tsoka na wasu otal-otal na SSNIT ga kamfanin wani minista mai ci a lokacin, ƙungiyoyi ne suka kira yaji, aka fasa cinikin. Kuɗin yarana huɗu yana cikin wannan asusu. A Oktoban shekarar kuma aka sa ranar yaji a kan galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ana gab da farawa shugabanni suka janye, mutane da yawa suka ji haushi.

Kwanan baya ƙaramin cikin masu albashin ya samu aiki a wani kamfanin kujeru a Tema, ya zo sallama, ya tambaye ni ko ya sa hannu in an kawo masa takardar ƙungiya. Na ce ya sa. Kamfanin da mai shi bai san sunanka ba, ba a zaman sa kai kaɗai. Amma ya fara tabbatarwa an rubuta shi na dindindin, ya nemi kwafin yarjejeniyar ya sa a karanta masa, ya riƙa zuwa taron reshe ko da ba zai ce uffan ba, kuma ya duba a wayarsa ko ana zuba masa kuɗin SSNIT duk wata, don akwai masu cirewa ba su kai ba.

Babban nasu yana gefe yana guga, sai ya ɗago kai ya ce, "To Maigida, mu ma in mun ce za mu kafa tamu a nan fa?" Na ce doka ta yarda, mutum biyu ma sun isa, kuma ba zan hana ba. Sai dai ranar zaman farko zan zo da littafin shago, su ga kuɗin katako da na wuta da na haraji, su kuma ga sunayen masu ginin da suka karɓi ƙofofi tun kafin azumi har yau ba su biya ba. Ya ce a kawo littafin, shi ma ya daɗe yana son ya gan shi.