Fitilar da na raina

Da asubar yau, cikin sanyin hunturun Katsina, motata mai shan gas, wato man dizal, ta tashi da ƙyar, ta yi ta karkarwa tana fitar da farin hayaƙi, sannan ta mutu. Bakaniken da na kira daga Ƙofar Ƙaura ya kwance hita huɗu, wato 'yan sandunan ƙarfen da ke ɗumama cikin injin kafin ya tashi, ya gwada su da batir, biyu suka yi jajir, biyu kuwa ko ɗumi ba su yi ba. Ya ce, "Alhaji, injin gas zafin matsewar iska ne ke kunna masa mai, shi ya sa da sanyi sai hita ta taimaka."

Mako uku ke nan fitilar hita, mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya, tana haskawa a gabana a cikin motar, ni kuwa ina ta zargin man da nake sha.