Kafin fenti, sai na ƙwanƙwasa murfin

Kusan duk mai jirgin ruwa na faiba da ya kawo mana murfin ƙofar saman jirginsa, magana ɗaya yake yi: a goge, a shafa, ya dawo yana ƙyalli. Ni kuwa ba na fara taɓa samfefa. Ƙotar sukurudireba nake ɗauka in bi murfin ina ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya, ƙarar kan fita ƙwas-ƙwas. Inda ruwa ya shiga, sai ka ji ta mutu, dum-dum.

Dalili kuwa, yawancin murafan nan ba faiba zalla ba ne. Fata biyu ce ta faiba, wato zaren gilashi da rezin (gam mai daskarewa), a tsakaninsu an saka katakon balsa mara nauyi ko soso mai tauri don ya ɗauki nauyin mai takawa. Ruwa ta ramukan sukurun hinji yake sulalewa, shekara da shekaru, har katakon ya ruɓe ya yi baƙi. Ka shafa fenti a kan wannan, ka yi wa gawa kwalliya.

Ta ƙasa muke yankawa, don kada a ɓata fuskar da ake gani. Mu kwashe ruɓaɓɓen, mu bar wurin ya bushe sarai, a nan ne masu jirgi ke ƙosawa, sannan mu manna sabo da efoksi, wani gam mai ƙarfi. Bakin yankan sai an fere shi a karkace, faɗin ferewar ya ninka kaurin fatar sau 12, in ba haka ba sabon zaren gilashin da za a rufe yankan da shi ba ya samun wurin kamawa. Ramukan sukuru kuma mukan faɗaɗa su, mu cike da efoksi, in ya daskare mu sake hudawa. Ko ruwa ya biyo sukurun, ba zai tarar da katako ba.

Fuskar sama aikinta haƙuri ne kawai. Farar hodar nan da ke manne wa tafin hannu, jelkot ne, wato shafen waje mai launi da ƙyalli, rana ta cinye. A wanke da asiton, ruwan da ke cire maiƙo, tukuna, domin in ka goge da sauran kakin da aka taɓa shafawa, cusa shi kake yi cikin kurjin. Sai samfefa mai lamba 80, a haura 220. Ƙurar faiba ba ta da mutunci. Wanda ya yi aikin da gajeren hannu zai kwana yana susa.

Farkon shigata sana'ar, na taɓa shafa jelkot ban zuba masa kakin da ke tare iska ba. Kwana biyu yana danƙo, har sawun babban yatsana ya zauna a kai. Dole na kankare na sake. Yanzu sinadarin da ke daskarar da jelkot ɗin ma da sirinji nake awo, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, kuma ba na barin yaran shago su zuba da ido.