Dalilin da Ya Sa Na Bar Shagon Hajiya

Tunda na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya ake ta tambayata me ya haɗa ni da Hajiya. Duk wanda ya san shagon nan na tsofaffin tufafi da ke Abuja ya san ni ce mai zaɓo kaya, don haka gara a ji daga bakina kafin a ƙara wa zancen gishiri.

Son tsofaffin kaya ba a shagon na koye shi ba. A Kaduna na tashi, gidanmu ba nisa da Kasuwar Barci, inda ake sayar da gwanjo, kuma tun ina firamare ba abin da nake son kallo irin albam ɗin Babanmu. Ga shi nan da abokansa lokacin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, wajen 1975: suma tuli guda, wando ya kama cinya ya baje a ƙasa, takalmi mai tudu, kwalar riga kamar kunnen zomo. Sai da na girma na karanta labarin waɗanda suka yayata irin wannan wandon, wato 'yan hipi na Amurka, matasan da suka cika unguwar Haight-Ashbury ta San Francisco a 1967, suka yi dandazo a bikin waƙe-waƙe na Woodstock a watan Agustan 1969, suna ƙin yaƙin Biyetnam. Abin da ya fi burge ni shi ne su ma gwanjo suke sawa. Shagunan tsofaffin kaya da na ragowar kakin soja suke bi, su rina riga da hannunsu, su yi wa wando faci, don a san ba ruwansu da rayuwar saye-saye. 'Yar gwanjo ake kirana a makaranta, ko a jikina.

Saboda wannan idon Hajiya ta ɗauke ni. Ita tana da jari da manyan ƙawaye, ni kuma na san shekarun tufa. In aka fasa dila, bakin hannun riga nake fara juyawa: a rigar T-shirt, layin ɗinki ɗaya alama ce ta tsufa, domin wajen tsakiyar shekarun 1990 yawancin masana'antu sun koma layi biyu. In wandon Levi's ne, sai in duba ɗan ƙyallen da ke jikin aljihun baya. Kafin 1971 da babban E ake rubuta sunan, daga nan aka koma ƙaramin e. Babban E ɗin ma shi kaɗai ba hujja ba ne, tunda kamfanin ya dawo da shi a wasu sababbin kayan. Sannan a 1972 ne dokar Amurka ta wajabta ɗinka bayanin wanki a jikin tufafi. Duk wannan na zauna na koya wa Hajiya kyauta, har ta riƙa maimaita wa kwastomomi a gabana a matsayin binciken da ta yi a Landan.

Wani wandon jins na Levi's mai faɗin ƙafa ne ya raba mu. Kyakkyawa ne, ya koɗe a gwiwa daidai yadda ake so, na kuma rubuta masa ƙarshen shekarun 1970. Washegari na gan shi a shafinmu na Instagram an rubuta 1969, zamanin Woodstock, kuɗin ya ninka uku.

Na ce, "Hajiya, wannan fa ƙaramin e ne, ga kuma bayanin wanki a ciki. Bai kai 1969 ba."

Ta ce, "Ke 'yar nan kin cika iyayi. Wa zai tsaya duba wani e? Labari mutane suke saye."

Wata Baturiya ce ta saya, kuma ashe ta san kan abin. Ta dawo da shi har shago. Ina tsaye a wurin Hajiya ta dafa ƙirji ta ce a yi haƙuri, yarinyarta ce ba ta gama sanin aiki ba. Ta mayar da kuɗin, a ƙarshen wata ta zabge rabin albashina, wai na zubar wa shago mutunci. Kuɗin bai dame ni ba kamar kallon da matar nan ta yi min tana fita. Da asuba nake shiga cikin ƙurar dila, mura ba ta barina, kuma abu ɗaya da nake taƙama da shi shi aka ce ban sani ba.

Ga masu sha'awar shiga wannan harka: duk shekarar da kika sa wa kaya, ki tura ta WhatsApp ta zauna a rubuce. Kada ki haɗa uwar ɗakinki da mai dilarki kai tsaye. Ki ɗaga tufa a rana kafin ki biya, hudar asu ba ta ɓuya a haske. Tsohon yadi kuma da hannu ake wanke shi, da ruwan sanyi.

Ban riƙe Hajiya da komai ba, Allah Ya ba ta kasuwa. Shekaranjiya dai yarinyar da aka ɗauka a madadina ta turo min hoton wata riga a ɓoye, tana tambaya, "Anti, don Allah ta wace shekara ce?" Na ce ta juya bakin hannun ta ƙirga layin ɗinki. Ta ce biyu ne. Na leƙa shafin, an riga an ɗora ta da 1972.