Manyan kwamfutoci da ƙananan kamfanoni

Na halarci wani horo da aka shirya wa masu bincike da masu ƙananan kamfanoni kan amfani da manyan kwamfutoci masu saurin lissafi. Aikin hasashen yanayi da kan kwana yana tafiya a kwamfutata ya kammala cikin ɗan lokaci, saboda an rarraba shi tsakanin injuna masu yawa da ke lissafi a lokaci guda. Abin da ya dame ni shi ne, 'yan kasuwa da dama suna ganin ƙirƙirarriyar basira, wadda ke buƙatar irin waɗannan manyan kwamfutoci, ta fi ƙarfinsu, alhali babbar kwamfutar nan mai suna LUMI ta ƙasar Finland, wadda aka ƙaddamar a 2022, tana ware wa kamfanoni kaso na ƙarfin aikinta. A ganina, an fi buƙatar ƙwararrun da za su tsara bayanai su kuma horar da ma'aikata.