Daga Windsor zuwa Goodwood: kwana tara a gidajen gwanjon Ingila

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Waterloo ta Landan ya sauke ni a Windsor cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Da gangan na fara da nan, domin mai niyyar shiga gwanjon tsofaffin kaya yana bukatar idonsa ya fara ganin na ƙwarai, ya samu ma'aunin da zai gwada saura da shi. A cikin fadar Windsor ne aka ajiye gidan 'yar tsana na Sarauniya Mary, wanda mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya tsara, aka yi aikinsa daga 1921 zuwa 1924. Kowane inci ɗaya a jikinsa yana madadin ƙafa ɗaya ta gidan gaske. An sa masa wutar lantarki da ruwan famfo, a ƙasa akwai gareji da ƙananan motoci, har da Daimler da Rolls-Royce, sannan akwai ɗakin ajiya da aka sa kwaikwayon kambin sarauta a ciki. Abubuwa ukun da suka kawo ni ƙasar, gida da kayan ado da mota, duk ga su a akwatin gilashi ɗaya.

Washegari na leƙa gidan kayan tarihi na Young V&A a Bethnal Green, wanda tarinsa ya haɗa da wani gidan tsana na birnin Nuremberg da aka yi a 1673. Da yawa daga irin waɗannan na ƙarni na 17 da na 18 manya aka yi wa, matan attajirai ke nuna dukiya da tsarin gida da su. Yara sun gaje su ne daga baya, kuma hannun yara ne ya yi wa mafi yawansu illar da mai saye ke fama da ita yau.

Rana ta uku na nufi wani ƙaramin gidan gwanjo a wani garin ƙauye yamma da Landan. Ba ranar sayarwa ba ce, ranar duba kaya ce, kuma ita ce ranar aiki. A jakata akwai ƙaramar tocila, da gilashin maƙera mai ƙara girma sau 10, da mayen ƙarfe, da awon tela, da farar takarda.

Akwai gidajen tsana uku a zauren. Wanda ya ja hankalina na Jamus ne mai shuɗin rufi, irin aikin kamfanin Moritz Gottschalk na garin Marienberg, wanda ya yi masu shuɗin rufi daga wajen 1880 zuwa wajen 1910 kafin ya koma jan rufi. Abu na farko shi ne a roƙi ma'aikaci ya juya gidan a ga ƙasansa, don a nan ake yawan samun lambar samfuri da fensir, kuma a nan katako yake tsirara. Na shimfiɗa farar takardar, na ɗan ƙwanƙwasa gindin gidan da yatsa. In gari mai haske kamar tsaki ya zubo daga ƙananan ramuka, ƙwarin katako na nan da ransu, kuma za su bi sauran kayan ɗakinka. In ramukan baƙaƙe ne, babu gari, tsohuwar ɓarna ce da ta tsaya. Wannan bai zubar da komai ba.

Sai na koma kan takardar bango. Gottschalk yakan manna takarda mai zanen bulo a waje, kuma ita ce rabin darajar gidan. A nan wani ya bi gefe ɗaya da sabon fenti. Ƙofar gaba kuma an ɗaure ta da noti mai kan gicciye, alhali irin wannan noti bai yaɗu ba sai daga tsakiyar shekarun 1930. Ke nan an taɓa ƙofar, ko ma an canza ta. Masu wannan sha'awa sun fi son gida mai koɗaɗɗiyar takarda ta asali a kan wanda aka gyara ya yi tas, kuma ina tare da su, domin fenti ana iya shafawa kullum, amma takardar da aka kankare ta tafi ke nan.

Kayan cikin gidan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da jerin da ke cikin kundin gwanjo. Wata ƙaramar kujera ko fitila ta asali takan fi gidan kansa tsada. A nan ne kuma doka ke shigowa. Tun 6 ga Yuni 2022 Birtaniya ta fara aiki da dokar hana cinikin hauren giwa. Abin da aka yi kafin 1947 kuma hauren da ke jikinsa bai kai kashi 10 cikin ɗari na girmansa ba ana iya sayar da shi, amma sai an yi masa rajista. Tsofaffin kayan tsana cike suke da ƙananan maɓallai da ƙafafun tebur farare. Da gilashin nan ake rarrabewa: ƙashi yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da gajerun layuka inda jijiyoyin jini suka bi, haure kuwa sumul yake, da zane mai ratsa juna a inda aka yanke shi.

Daga Euston na hau jirgi zuwa Birmingham, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Unguwar maƙeran gwal, wadda suke kira Jewellery Quarter, tana arewa maso yamma da tsakiyar gari, tsofaffin gine-ginen jan bulo jere da juna, kowanne da ƙananan maƙeru a sama. Ofishin tantance gwal da azurfa na birnin yana aiki tun 1773.

Wanda ya saba da sayen gwal a kasuwannin Kano ya san lissafi ɗaya ne: a ɗora a sikeli, a faɗi giram, a ninka da farashin ranar. A gwanjon tsohon kayan ado nauyi shi ne ƙasan farashi kawai. Abin da ke sama da shi zamanin da aka yi abin ne, da hannun da ya yi shi, da ko an taɓa shi bayan nan. Na ga 'yan kunne na karat 9 da aka ƙiyasta su fiye da warwaron karat 22 da ya ninka su nauyi.

A ɗakin duba kaya ana ba mutum kujera da fitila, ya rubuta lambobin abin da yake so, a riƙa kawo masa a kan tire. Hatimi ake fara karantawa. Lamba 375 karat 9 ce, 585 karat 14, 750 karat 18, 916 karat 22. Kusa da ita akwai alamar garin da ya tantance: anka ta jirgin ruwa Birmingham, kan damisa Landan, hoton fada Edinbara. Sannan harafi ɗaya da ke nuna shekara. Akwai wata hanya mai sauƙi ta gane zamani: karat 15 da karat 12 sun yi aiki a Birtaniya daga 1854 zuwa 1932 ne kawai, aka soke su aka kawo karat 14. Don haka abin da ke ɗauke da hatimin 15 na gaskiya ya girmi 1932. Sai dai rashin hatimi ba ya nufin jabu, da yawa daga kayan ƙarni na 19 ba a buga musu komai ba.

Na daɗe a kan wani zobe mai daiman uku. Tsohon yanka ne, na hannu: samansa ƙarami, jikinsa dogo, kuma in ka leƙa ta sama za ka ga ɗan da'ira a tsakiya, inda aka datse tsinin ƙasa. Biyu haka suke. Na ukun yankan zamani ne, mai walƙiya fiye da 'yan'uwansa, alamar asalin ya faɗi an maye gurbinsa. Faratan da ke riƙe duwatsun sun zaizaye, biyu sun kusa ƙarewa, kuma gyaran kowane farce kuɗi ne da ya kamata a cire daga tayi. A bayan zoben akwai siririn layi inda launin gwal ya ɗan bambanta, wurin da aka yanke don rage faɗi, kuma yankan ya cinye rabin hatimin.

Abin da ya fi ɓata tsohon kayan ado shi ne gyara da dalma. Tabo ne mai launin toka a bayan abin maƙalawa a ƙirji ko a gindin ƙugiya. In wuta ta sake taɓa wurin, dalmar takan ci cikin gwal, shi ya sa maƙeri na ƙwarai ba ya son karɓar irin wannan aiki. Kayan ƙarni na 18 da farkon na 19 kuma ana rufe bayan dutsen, a sa masa siririn ƙarfe mai ƙyalli a ƙasa. Ruwa na shiga, ƙyallin ya dushe, dutsen ya mutu. Jan yakutu mai tsabta fiye da kima a zoben farkon ƙarni na 20 shi ma abin tambaya ne, tunda tun 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera shi da wuta. Gilashi kan nuna lanƙwasassun layuka da ƙananan kumfa a cikin na haɗi. Duk wannan a nemi gidan gwanjo ya turo rahoton halin da kayan ke ciki a rubuce kafin ranar sayarwa, domin bayan mai gwanjo ya buga gudumarsa ya sallama kaya, ƙorafi ba ya da ƙarfi.

Na zauna a zauren ranar gwanjon. Rajista tana bukatar fasfo da shaidar adireshi, sai a ba ka kati mai lamba. Tayi yana hawa da kimanin kashi 10 cikin ɗari kowane mataki, kuma yawancin kaya suna da ɓoyayyen farashin da mai su ya ce ƙasa da shi albarka. Inda baƙo ke faɗawa rami shi ne la'ada. A ce an sallama maka zobe a fam 2,000 a gidan da la'adarsa kashi 25 ce. La'ada fam 500, harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar fam 100, abin biya fam 2,600, ban da ƙarin da wasu shafukan intanet ke ɗorawa in ta nan ka taya. Kowane gida da kasonsa, yana rubuce a ƙarshen kundi. Daga abin da ke aljihu ake fara lissafi a dawo baya, a rubuta iyakar tayi a gefen kundin tun da dare.

Daga Birmingham na ɗauki motar haya zuwa Gaydon, inda gidan tarihin motocin Birtaniya yake, kuma a nan ake adana kundin masana'antar Jaguar. Mai mota yakan aika lambobinta a ba shi takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera ta, da launinta na asali, da lambar inji da ta giya. Wannan takarda ce nake nema a fayil ɗin kowace Jaguar kafin in buɗe bonet.

A wani rumbun gwanjon motoci da ke yankin na yi awa biyu a kan Jaguar E-Type ɗaya, samfurin da aka fara nunawa a Geneva a 1961. Ta farko-farko ce, mai inji lita 3.8 da kafireta uku, irin da aka yi har 1964 kafin a koma lita 4.2. Ba a ba da damar tuƙawa, ana sayar da ita ne yadda take. Na gwada lambar da ke jikin inji da ta kan takarda, sun dace, kuma wannan kaɗai yana ɗaga farashi sosai. Sai na kwanta a ƙasa da tocila. E-Type ba ta da shasi daban daga tsakiya zuwa baya, bodin ne ke ɗauke da kansa, don haka tsatsa a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da daɓe, da inda hannuwan tayar baya ke ɗaure, ciwo ne a ƙashin baya. Na naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle na bi gefen hagu. Ya kama ko'ina sai daidai gaban tayar baya, nan ya sulale, wato an cike rami da fila an bi da fenti. Tazarar ƙofar gefen ma ta fi faɗi a sama.

A gaba, injin yana zaune ne cikin siraran bututun ƙarfe da aka ɗaure da bodi. In sun tsage ko sun ci tsatsa ba a yi musu walda, canzawa ake yi. Na roƙa a tayar da ita da sanyi, bayan na taɓa injin na tabbatar ba a ɗumama shi ba. Ana son ganin matsin baƙin mai wajen 40 a agogo in ta yi zafi tana juyi 3,000 a minti ɗaya. Farin kumfa kamar kindirmo a murfin mai yana nuna ruwa na haɗuwa da mai. Canza kuloc a wannan mota sai an fitar da inji gaba ɗaya, birkin baya kuma yana can ciki kusa da tsakiyar gatari, aikinsa mai wuya ne. Rasit na waɗannan ayyuka biyu a cikin fayil ya fi mini sabon fenti daraja.

Wanda ke tunanin kai irin wannan mota gida ya tuna Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, mota mai sitiyari a dama ba ta da hurumi a titi, kuma kwastan na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita. A ɓangaren Birtaniya kuma, abin da ya haura shekara 50 kuma kuɗinsa ya wuce wani mataki sai da lasisi zai fita ƙasar. Kuɗin ajiya yana fara hawa kullum in ba a ɗauke mota a kan lokaci ba.

Zangon ƙarshe Goodwood ne, filin tseren motoci a Sussex ta Yamma: jirgi daga Victoria zuwa Chichester, sai bas zuwa filin. An yi tsere a wannan da'ira mai tsawon mil 2.4 daga 1948 zuwa 1966, kuma tun 1998 ake farfaɗo da zamanin a watan Satumba, 'yan kallo ma sanye da tufafin wancan lokaci. Kamfanin Bonhams ya daɗe yana gwanjo a Goodwood, kuma a can ne a Yulin 2013 ya sayar da Mercedes W196 da direban tsere Fangio ya yi tsere da ita a kan fam miliyan 19.6. Na tsaya a bakin shinge ina kallon E-Type suna shan kwana da gudu, ƙamshin mai da ƙonannen taya ya cika iska. Da suka dawo rumfa na matsa kusa da ɗaya. Hancinta duk tabon tsakuwa ne, kujerar fata ta tsattsage, makaniki ya ɗaga bonet yana duba bututun gaba da tocila, daidai wuraren da na duba a waccan kwana biyu da suka wuce.