Babur mai ƙafa huɗu don hanyar rairayi da fadama: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Wanda zai sayi babur mai ƙafa huɗu don zirga-zirgar gona ko shiga daji a ƙasar Kano da Jigawa, ya fara tambayar kansa wace irin ƙasa zai riƙa takawa. Rairayin Gumel, Maigatari da Babura daban yake da baƙar lakar fadamar Haɗejiya, Auyo da Guri, wadda ke kama taya da damina ta kuma daskare ta tsage da rani. Wajen Doguwa da dajin Falgore kuwa tsakuwa ce da hawa da gangara. Babur ɗaya zai iya yin duka, amma sai an zaɓe shi da hankali.

Ni dai a ganina, mai ƙarfin cc 400 zuwa 450 shi ne daidai. Manyan nan masu cc 700 zuwa sama suna da nauyi, suna shan mai, kuma da ka ɗan danna totur da babban yatsa sai su zabura fiye da yadda sabon hannu zai iya riƙewa. Honda TRX420 da Yamaha Kodiak 450 su ne misalin matsakaitan da aka san su da juriya. Dukansu farfela, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ke juya tayoyinsu, ba sarƙa ba, kuma wannan babban abu ne a wurinmu: rairayi yana haɗuwa da man sarƙa ya riƙa cin haƙoran sifaket, ga yawan ɗauri da saki. Farfela a rufe take, abin da take nema kawai a riƙa duba man aksul ana canzawa.

Sai dai akwai matsalar da mai sayarwa ba zai gaya maka ba, wato kayan gyara. Kafin ka saya, ɗauki sunan babur ɗin da shekararsa ka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa da wajen masu kayan babura a Kano, ka tambayi abu huɗu: bel, filtar mai, takalmin birki da robar da ke rufe gaɓar aksul. In babu, kuma ba wanda zai iya yi maka odarsu cikin mako biyu ko uku, to ƙaramin ɗan Chana mai cc 200 ko 250, mai inji irin na babura da keken ɗaukar kaya da makanikan ƙauye suka saba buɗewa, ya fi maka amfani duk da bai kai wancan ƙwari ba. Amma ka sani yawancinsu tayoyin baya kaɗai ke ja, da sarƙa, saboda haka ba na lakar Agusta ba ne.

Maganar giya kuma iri biyu ce. Akwai mai canjin giya da ƙafa ba tare da kulocin hannu ba, kamar wasu daga cikin na Honda, akwai kuma mai bel wanda ke canza kansa. Mai bel ya fi sauƙin tuƙi, amma bel ɗin yana da abokan gaba biyu: zafi da ruwa. In kana tafiya a hankali cikin rairayi mai zurfi, ko kana jan kaya, sa shi a L, wato ƙaramar giya mai ƙarfin ja. Wanda ya bar shi a H, wato giyar gudu, yana ta danna totur, bel zai riƙa zamewa yana ƙonewa, za ka ji warin roba, daga nan sai fizga, sai tsinkewa. In ruwa ya shiga gidan bel, inji zai yi ta kuka babur bai motsa ba. Akwai ƙaramin murfi a ƙasan gidan, a buɗe shi ruwan ya zube, a bar inji yana aiki a furi na ɗan lokaci har ya bushe.

Iskar taya ita ce wurin da aka fi yin ɓarna. Waɗannan tayoyin iska kaɗan suke so, psi (ma'aunin iskar taya) 4 zuwa 5 a yawancinsu, kuma an rubuta adadin a jikin babur ɗin. Mai faci da ya saba da tayar mota zai iya ɗura mata 30 ba tare da ya san ya yi laifi ba. Taya mai tauri haka tana nutsewa a rairayi maimakon ta baje a kai, babur ya riƙa tsalle, birki ya ƙi kamawa da kyau. Gejin mota ba ya karanta ƙaramar iska daidai, don haka ka mallaki ƙaramin geji naka, ka tsaya a kan mai facin. Hagu da dama su zama daidai, in ba haka ba babur zai riƙa ja gefe guda.

In na hannu za ka saya, je da sassafe inji na sanye, kada ka yarda a tayar kafin ka iso. Zaro sandar baƙin mai: in ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga inji. Ɗaga gaban babur, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Motsi ko ƙwas-ƙwas na nufin boris ko gaɓa ta ci. Durƙusa ka duba robobin aksul ɗaya bayan ɗaya, domin ƙaya da tushiyar karan dawa bayan girbi suna yaga su, giris ya fice, yashi ya shiga. Buɗe akwatin filtar iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayan filtar. In ka ga ƙura a can, injin ya sha ƙasa, ringi da silinda sun kusa neman kuɗi. Da hunturu filtar soso tana son wanki da ɗan shafa mata mai akai-akai. Lagireto kuma laka da ƙaiƙayi ke toshe shi, a wanke shi da ruwa mara ƙarfi daga baya zuwa gaba.

Tuƙinsa ba irin na babur mai ƙafa biyu ba ne, kuma gwanin acaɓa ma sai ya sake koyo. Ba ya kwanciya a kwana, kai ne za ka karkata jikinka cikin kwanar. A hawa ka matso gaba, a gangara ka ja baya, kada ka ratsa gefen tudu ko bakin kwalbati a karkace. Kada ka taɓa sauke ƙafa ƙasa yana tafiya, tayar baya za ta kama ta. Nauyinsa ya kusa kilo 300, in ya kife a kan mutum ba ya iya ɗaga shi shi kaɗai. Kifewar ce ta sa aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka tun 1988. A kan kwalta ma ba shi da daɗi, domin a yawancinsu tayoyin baya tare suke juyawa, sai ya riƙa gardama a kwana. Hular kwano dole ce, goyo a kan mai kujera ɗaya haramun ne a ƙa'idar masu ƙera shi, kuma yaron da bai kai shekara 16 ba kada a ba shi na manya.

Kariyar ɗaukar kaya ta TRX420 kilo 30 take ɗauka a gaba, 60 a baya. Buhun taki ɗaya mai kilo 50 ya isa bayan; na biyu zai sa gaba ya yi sauƙi, kan babur ya daina jin magana. Faɗinsa kuma ya haura mita ɗaya, don haka auna burtali da hanyoyin tsakanin gonakin da za ka bi, musamman da damina, kada tayarka ta hau kunyar maƙwabci.